Irin Giyar da Barnabe Ya Cinye a Miya

Duk wanda ya zauna a Kudugu ya ce bai san Barnabe Ramde ba, to ko dai ba ya cin tuwo, ko kuma ba ya shan burkutu. Mai gyaran injin niƙa ne. Gajere ne kakkaura mai sanƙo, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar inji, shi ya sa in yana gaya maka sirri har maƙwabta sai sun sa baki. Ni kuwa sunana Ilari Pare, tela ne, shagona yana jingine da katangar gidansa tun muna da baƙin gashi. Shi Bamoshe ne, ni ɗan ƙabilar Samo, ka ga ke nan abokan wasa ne mu tun kaka da kakanni. In ya fito da safe sai ya ce, "Bawana, ka tashi?" ni kuma in ce masa a garinmu bawa ba ya gaida ubangidansa a tsaye. A haka muka tsufa, kuma har gobe ban yarda ya fi ni da komai ba, in ban da harshe.

Harshen ɗanɗano nake nufi. Ka rufe wa Barnabe ido ka ba shi ƙoƙon burkutu, ya kurɓa sau ɗaya, zai gaya maka garin da aka dafa, da itacen da aka hura, wani lokacin har da sunan matar. Ba gado ya yi ba, aiki ne ya koya masa. Ubansa manomi ne, ya so ɗansa ya zama fada, wato limamin coci, ya kai shi makarantar mishan. Ba a daɗe ba aka dawo masa da abinsa, don ya kwance injin niƙan makarantar kaf, wai yana so ya ga abin da ke kuka a ciki. Daga nan ya bi wani tsohon makanike har ya ƙware, ya sayi babur, daga baya ya sayi wata tsohuwar akori-kura wadda sai an tura take tashi. Masu burkutu kuwa su ne iyayen gidan mai inji, tun da tsiron dawa sai an barza kafin ya shiga tukunya. In inji ya tsaya a gari, maƙogwaron garin ya bushe ke nan. Saboda haka duk ƙauyen da ya je ya ta da inji, kafin ya wanke hannu mata sun jero masa ƙoƙuna, kowace tana so ya ce tata ta fi.

Harshen nan ne ma ya samo masa mata. Ya shiga gidan giyar wata tsohuwa a unguwarmu, aka miƙo masa ɗanɗanon kyauta da ake ba kowa kafin ya saya. Ya kurɓa, ya ce da ƙarfi, shi a tunaninsa raɗa yake yi, wannan ba hannun tsohuwar ba ne, wata mai gaggawa ce ta dafa, ta sauke tukunya wuta ba ta gama da ita ba. Ashe dahuwar farko ce ta 'yar tsohuwar, Pulkeri, kuma ita ce tsaye a kansa. Ta karɓe ƙoƙon ta juye masa sauran a ƙafa. Washegari ya dawo, ta sake juye masa. Kafin dawa ta sake nuna an ɗaura musu aure a coci.

Ranar da za a kai ta, uwarta ta ba ta wata 'yar tukunya da aka ɗaure wa baki da tsumma. Rabile ne a ciki, wato abin nan mai kauri da ke kwanciya a gindin randa in giya ta gama tashi, a kwashe a shanya. Shi ne irin giya. In an dafa ruwan tsiro ya huce, sai an barbaɗa masa shi sannan zai yi kumfa ya zama abin sha. Ana sayar da shi a kasuwa, mata ma suna sawa a miya don daɗi. Amma na gidan su Pulkeri daga kakarta ya fito, kowace dahuwa tana haifar irin ta gaba, bai taɓa yankewa ba. Giyar Pulkeri ja ce garau, tana shiga da zaƙi-zaƙi kamar ba za ta yi komai ba, sai ka miƙe tsaye sannan gwiwarka ta ba ka labari. Ranar da take fitarwa, kekuna da babura sukan toshe mini ƙofar shago, in yi ta masifa, in na gaji in rufe shagon in bi su.

To, ga al'adar Barnabe. In zai fita gyara, sai ya cika jarka da giyar matarsa ya kai tsaraba inda za shi, in zai dawo ya ciko jarkar da giyar can. Pulkeri ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa guminta na gaban wuta yake rabar wa matan hanya kyauta. Bai daina ba. Yana da doka ɗaya kuma da ba ya wasa da ita: ba a murɗe marfin jarka. Giya abu ce mai rai, tana numfashi, sai dai a cusa ganyen mangwaro a bakin jarkar a bar ta ta yi ta tsaki har gida. In ya iso, sai ya sauke a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ƙwala mini kira, ya zuba ƙoƙon farko ya miƙa wa Pulkeri da hannu biyu. Ta ɗiga wa ƙasa kaɗan don magabata, ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta yanke hukunci. Wannan wankin tukunya ne. Wannan mai ita ta yi faɗa da mijinta ranar dahuwa. Wannan ko jaki aka ba sai ya kai ƙara. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa jin ta yabi giyar wata mace ba, ban kuma taɓa ganin ta bar ɗigo a ƙoƙon ba. Shi kuwa ya yi ta dariya har da hawaye. Na daɗe kafin in gane don wannan zagin yake ɗauko jarka tun daga uwa duniya.

Shekarar da 'yarsu Rozin ta haifi tagwaye a Abijan, Pulkeri ta tafi taya ta jego. Wata biyu ta ce za ta yi, ta yi kusan shekara. Kafin ta tafi ta shanya irinta ya bushe ƙayau, ta zuba a 'yar tukunyar uwarta, ta tura ƙarƙashin gado. Wani kuma ta bar masa a gwangwani a madafa, na miya. Barnabe ya zama gwauro, ya koyi miyar kuka, kuma gaskiya ya iya. Da gwangwanin ya ƙare miya ta daina daɗi, sai wata rana yana neman takalmi ya ci karo da tukunya. Ya ce a ransa ai mace mai hankali ba za ta tara irinta duka wuri ɗaya ba, wannan ragowar na miya ne. Yau cokali, gobe cokali. Ni dai ci na yi, ban dafa ba, ban kuma leƙa ƙarƙashin gadon kowa ba, saboda haka a bar sa sunana a ciki. Abin da zan iya shaida shi ne ban taɓa shan miyar kuka irin ta wannan daminar ba.

Da ta dawo ta jawo tukunya ta ga wayam, na rufe tagar shago ina jiran a fara jifa da murafe. Ba a jefa ko ɗaya ba. Barnabe ya ce mini dubansa kawai ta yi, ta mai da tsumman ta ɗaure, ta tura tukunyar inda take. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Uwarta ta rasu tuntuni, sai ta je gidan ƙanwarta neman iri, ashe ƙanwar ta daɗe da shiga cocin da ke hana giya, ta zubar da nata. Ta sayo na kasuwa ta dafa. Masu kekuna suka cika gida, suka karɓi ɗanɗano, suka ce sannu da aiki, suka sha ƙoƙo ɗaiɗai don kunya. Ta sake dafawa da na wata maƙwabciya, kekuna suka ragu. A karo na uku wani tsoho da ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kan kututture ɗaya a gidan ya kurɓa, ya ce yau cikinsa ba daɗi, ya fita, muna kallo ya shiga gidan giyar da ke duban nata. Ran nan da yamma Pulkeri ta wanke manyan tukwanenta, ta kife su a jikin katanga, ta ba mai ƙosai sauran itacen.

Mace mai tashi da asuba ta koma zaman tabarma. Ba ta ciwo, tana ci, tana amsa gaisuwa, amma kaya suka fara yi mata yawa, ni na sani tun da ni nake rage mata riguna. Barnabe ya rasa yadda zai yi, sai ya yi abin da ya saba, ya je gyara garin Sabu ya dawo da jarka. Ya zuba ya miƙa mata. Ta ɗiga wa ƙasa, ta kurɓa, ta ce, "Ta yi daɗi. Allah ya yi wa mai ita albarka." Ta ajiye ƙoƙon da rabi a ciki.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Barnabe irin na ranar ba. Ya biyo ni shago ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya yi magana a hankali, abin da ban san ya iya ba. Ya ce, "Ilari, matar nan tafiya take yi ina kallo." Ko bawana bai ce ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa zagin da zan yi masa.

Bayan 'yan kwanaki ya zo da dabara. Zai bi hanyar arewa inda ya san gwanayen dahuwa, ya ɗanɗana ta kowacce a tafiya, ya zaɓi waɗanda suka isa, a dawowa ya kwaso su da ransu a yini ɗaya. A jera wa Pulkeri, wadda ta kwanta mata a rai ta kwashi gindinta ta yi sabon iri, ko Allah zai sa ta hura wuta. Na ce ni ina da ɗinkin baftisma. Ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, miyar nan tare muka sha, kuma mota tana bukatar mai turi. Na ce zan je amma da sharaɗi, sai mun kai har Toma na gaida gwaggona Zabet. Ya ce shi rabonsa da Toma tun da suka sami nasu mai gyaran, kuma ba ya zuwa garin da kare ba ya tsufa. Na ce gara mu mun san nama, ba kamar Mosawa ba da za su jiƙa gari a ruwa su ce sun yi wa baƙo liyafa. Muka ɗora jarkoki muka kama hanya, lokacin zafi ne, mangwaro ya nuna.

A Rewo muka fara yada zango, gidan wata doguwar mata da ake kira Kanziye, a inuwar mangwaro, ga mai gashin alade a gefe. Ta kurɓa ta miƙa masa kamar yadda aka saba yi wa baƙo. Ya karkata ƙoƙon ga rana, ya shinshina, ya riƙe kurɓin a baki kamar mai ciwon haƙori, sannan ya haɗiye. Ya ce tana da ƙarfi amma ba ta da ladabi, duk da haka a ajiye masa jarka. A ƙauyen gaba muka sami wata fara-fara mai ƙanshin hayaƙi, ya ce da itacen kaɗanya aka dafa, mai ita ta riƙe baki. A wani wurin ya bar rabi a ƙoƙo, mai giyar ta bi mu da ludayi har bakin mota, ni kuwa ina turi ina kare ƙeya. A Didir wasu maƙwabta biyu da suka daɗe ba sa ga maciji suka tsare shi sai ya faɗi wadda ta fi. Ya yaba wa ɗaya launi, ya yaba wa ɗaya ƙarfi, ya ce kowacce ta ajiye masa jarka. Duk inda muka tsaya kuma sai a ce ai kuwa yanzun nan injin garin ya fara tari. Ya yi gyara, a biya shi da ƙoƙo, ni in taya shi karɓa. Turin motar dai kullum ƙara karkacewa yake yi.

Abin da ya ba ni mamaki, labari ya riga mu ko'ina. Da mun sauka mata za su fara nuna shi da baki, wata ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ramde, kai ne ka cinye irin matarka a miya?" A fashe da dariya har da riƙe ciki. Amma in dariyar ta lafa sai ka ga tausayi ya kama su, don kowaccensu tana da 'yar tukunyarta a ƙarƙashin gado, ta san abin da aka rasa. Su tambayi lafiyar Pulkeri, su ce a gaishe ta. Shi kuwa in mun koma mota sai ya yi tagumi a kan sitiyari, ya ce duk giyar nan ba wadda za a raina, amma ya san in ya kai mata cewa za ta yi sun yi daɗi.

Gwaggona Zabet ƙanwar ubana ce, tsohuwa tukuf, 'yar firit, haƙoranta ba su kai a kirga ba, kullum da taba a kunci. Surukanta ne ke fama da wuta yanzu, amma ba mai sa iri a randa sai ita. Da ta hango Barnabe a bayana sai ta tambaye ni wa ya kwance wa bawan nan igiya. Ta sa aka ba shi kujera mai ƙafa uku, ta ɗebo giya, ta kurɓa, ta miƙa masa. Ya karkata ga rana kamar kullum. Ya kai hanci, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba, idonsa ya kawo ruwa. Ni na ɗauka ƙuda ya ci karo da shi.

Ya ce, "Tsohuwa, ina kika samo irin nan?"

Ta ce a wurin kakanninta mana, ko ya manta 'yan Samo ne suka koya wa duniya dahuwa, lokacin Mosawa suna lasar gari?

Ya ce, "Ƙarya kike yi, ki yafe ni. Shekara talatin ina kwana da ƙanshin nan a jikin zanen matata."

Gwaggo ta yi dariya har tabar ta sarƙe ta. Da ta dawo hayyacinta sai ta ba da labari. Shekarun baya da injin unguwarsu ya mutu aka kira Barnabe, ya zo da jarkar tsaraba ta giyar Pulkeri. A lokacin nata irin ya lalace, dahuwa biyu a jere tana tsami, tana ta ɓoye kunyarta. Suka shanye tsarabar ita da ƙawayenta, ta leƙa jarka ta ga abu kwance a gindi, ta lashi yatsa, ta ce wannan bai kamata a wanke shi ba. Ta kwashe ta sa a randa. Tun ranar da shi take dahuwa, kuma ba ta gaya wa kowa ba, wa zai yarda a ce giyar Toma jikar Mosawa ce? Barnabe ya ce wannan ai sata ce. Ta ce, "Kayan bawa na ubangidansa ne, satar ta ina?"

Sai ya juyo kaina. Wai duk Kirsimeti ina zuwa gidan nan ina cika ciki, in koma Kudugu in sha ta Pulkeri, amma ban taɓa gane abu ɗaya nake sha ba, harshena da tafin takalmi ba su da maraba. Na ce ni don nishaɗi nake sha, ba don bincike ba, kuma ta gwaggo ta fi duhu, ruwan Toma daban ne. Ba wanda ya saurare ni.

Ya roƙi gwaggo ta ba shi busasshen iri ko cikin cokali ne. Ta ce Allah ya kiyaye ta ba mutumin da ya cinye na farko a miya. Ya durƙusa, ta ƙi. Abin da ta yarda da shi, washegari da sassafe ta zura ƙwarya har gindin randar da ta tashi a ranar, ta cika masa ƙaramar jarka da giya da kaurinta duka, ta cusa ganye da hannunta. Ta ce ya kai kafin rana ta faɗi, in ta kwana a hanya cikin zafin nan tsami za ta yi, ba ruwanta. Ta ce, "In matarka ta cika mace, za ta san abin da ake yi da gindin jarka, kamar yadda na sani."

Wannan jarkar ba ta hau baya ba. A cinyata Barnabe ya ɗora ta, ya ce in na bari ta karkata zai sayar da ni ya sayi akuya. Muka biyo hanya muna kwasar waɗanda muka sa a ajiye, bayan mota ya cika da jarkoki suna ta tsaki. A fitar Didir muka ga wani saurayi cikin farar kwat da jaka a hannu, yana jiran mota a rana. Mai wa'azi ne na cocin su ƙanwar Pulkeri, za shi Rewo taro. Barnabe ba ya iya wuce mutum a rana, ya ce ya hau baya. Bawan Allah ya ga kumfa tana tsartuwa ta cikin ganye tana taɓa masa wando, ga murafe suna reto a jikin igiya. A gidansu ba a taɓa dahuwa ba, ina zai sani? Sai ya zare ganyen ɗaya bayan ɗaya, ya murɗe kowace jarka tam, ya zauna abinsa.

Ga rana, ga gargada. Muna dab da Rewo na ji wani abu ya tashi kamar bindiga. Barnabe bai ji ba, sai a na biyu. Kafin ya taka birki murafe suna ta tashi sama, wata jarkar ma ta tsage daga gefe. Muka tarar da mai wa'azi tsaye ya ɗaga jakarsa sama, kumfa tun daga kai har takalmi, farar kwat ta koma kalar ƙasa. Barnabe ko kallonsa bai yi ba tukuna, cinyata ya fara leƙawa, ya ga ganye na nan, sannan ya ce masa sannu. Muka kai shi gidan Kanziye, mata suna ba shi ruwan wanka suna faɗuwa don dariya, ni na ara masa rigata ta canji. Yaron kirki ne, shi ma daga baya ya yi dariya, ya ce taron ba ya ba shi tsoro, yadda zai yi wa matarsa bayani ne matsalar. Amma giyar Rewo da ta Didir da mai ƙanshin hayaƙi, duk hanya ta shanye. Saura ɗaya tal, tana ɗiga mini a wando. Daga nan har Kudugu tafiyar hawainiya Barnabe ya yi, masu kekuna suna wuce mu suna gaishe mu.

Rana ta yi sanyi muka shiga gida. Pulkeri tana kan tabarma a gindin darbejiya, ta ce sannunku da hanya, ko wandona da ya jiƙe ba ta tanka ba. Barnabe bai gaya mata komai ba. Ya zare ganye, ya zuba a hankali, ya miƙa da hannu biyu. Ta ɗiga wa ƙasa, ta kurɓa. Ta sake kurɓa, ta tsura wa cikin ƙoƙon ido. Ni dai ina ta roƙon Allah kada ta sa albarka.

Ta ce, "Wace ce?"

Ya ce wata tsohuwa ce a Toma, da ya taɓa kai wa tsaraba.

Sannan ta kurɓa na uku, sai na ga fuskar nan ta fara yamutsewa, tun daga goshi har haɓa.

Ta ce, "Irin uwata ne. Irin uwata ne a hannun wadda ba ta san darajarsa ba. Ta cika wuta, ta ƙona gindin tukunya, ta tace da kwandon da ba a wanke ba. Ɓarauniyar 'yar Samo, ta saci abu kuma ta wulaƙanta shi." Ta juyo ta dube ni. "Danginka ce ko?"

Na ce gwaggona ce. Ta ce ta ga alama.

Ta ɗaga ƙoƙon ta shanye tas, ta kife shi a ƙasa. Na miƙa hannu ga jarka don in karɓi ladan cinyata, ta make mini hannu, ta ce duk wanda ya girgiza jarkar nan kafin ta kwanta sai ta karya shi. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta nufi katanga, ta kama babbar tukunya ita kaɗai ta birkice ta, ƙadangaru suka watse. Ko waiwaye ba ta yi ba ta ce, "Baban Rozin, ka tsaya kana kallona? Tsiro zai kawo kansa daga kasuwa ne? Ka biya wurin mai ƙosai ka ce ina son itacena." Barnabe ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya hawaye suna bin kumatunsa, ni ma na juya na yi kamar ina duba tayar mota.

Dahuwar farko ba ta kai ba, in ji ta, ta biyu ta kusa. A ta uku tsohon nan mai kututture cikinsa ya warke, kekuna suka dawo suka toshe mini ƙofa, na koma masifata. Riguna kuwa da na rage, duk sai da aka dawo mini da su in buɗe. Busasshen irin yanzu ban san inda take ɓoye shi ba, Barnabe ma bai sani ba, kuma an hana shi shiga madafa har abada.

Ranar da ya fara fita gyara bayan wannan, da sassafe na gan shi yana sanɗa da jarka zai ɗebi tsaraba a ɓoye, kada a tuna masa da laifi. Sai ya tarar da wata jarkar a bakin ƙofa an riga an cika, an cusa ganye. Ya ɗaga ta ga haske, ga kauri kwance a gindi, ya fi na kullum yawa. Pulkeri tana gaban wuta, ta ba shi baya. Ta ce, "Ka kai wa matan hanyarka. Ka ce in ji ni, kada su wanke gindin, kuma su rage wuta."